Babi na Shida: Haddin Gudun Kwamfuta da Dalilan Ƙin Tashinta

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta shiga Aliero, ta gangara Jega inda take rabuwa, reshe guda ya nufi Birnin Kebbi ɗayan kuma ya miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri, in dai mai lura ne da sana'o'in bakin titi, ba zai rasa ganin shagunan buga takardu da ɗaukar hoton fasfo da cike fom na jarrabawa ba, waɗanda da wuya a shiga ɗayansu ba a tarar da kwamfutar girke a ƙarƙashin tebur tana aiki tun hantsi har bayan isha'i ba. Yawaitarsu a wannan yanki tana da sababi sananne, domin tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero a shekarar 2006, garin da a da aka fi saninsa da albasa da masu ɗori ya cika da ɗalibai masu bukatar na'ura, sa'an nan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sai bukatar ta ƙetare harabar jami'a ta shiga kowane gidan da ke da yaro mai neman ƙarin karatu.

A cikin ma'abota waɗannan injuna akwai wata jama'a da gudun na'ura ya zame musu lalura: ɗalibin injiniya da manhajar zane take yi masa nauyi, da mai haɗa bidiyon biki ko na walimar saukar Alƙur'ani wanda ya yi alkawarin miƙa aiki gobe da safe, da samarin da ke wasannin kwamfuta. Kuɗin sabon inji ya fi ƙarfin akasarinsu, don haka idan labari ya iso musu cewa akwai wata ƙofa a cikin saitin kwamfuta wadda in an shiga aka sauya lambobi biyu ko uku furosesa zai ƙara gudu ba tare da an kashe ko kwabo ba, babu mai ganin laifinsu in sun kwaɗaita. Ni ban ga aibi a cikin wannan nema ba, kuma labarin gaskiya ne. Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne cewa ƙarin gudun yana da haddi, kuma ɗakin da injin ke zaune da wutar da yake sha da ƙurar da yake shaƙa suna da hannu wajen yanke wannan haddi daidai da yadda masana'antar da ta ƙera shi take da hannu.

Asalin mas'alar kuwa mai sauƙin fahimta ne. Furosesa ba ya yin komai sai bisa bugun wani agogo da ke kan babban allon kwamfuta, kowane bugu ya ɗaga ƙafa sau ɗaya, kuma adadin bugun da ake yi cikin daƙiƙa guda shi ake aunawa da megahaz da gigahaz. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana bugu ne a kan megahaz 4.77, alhali na yau sun haura gigahaz 3 da 4 da 5, wato bugu biliyan uku zuwa biyar a daƙiƙa. A injunan zamanin nan ana samun wannan adadi ta hanyar lissafin sau: akwai bugun asali wanda galibi megahaz 100 ne, akwai kuma lambar ninki, ta yadda 100 sau 33 zai ba da gigahaz 3.3, in kuwa aka ɗaga ninkin zuwa 45 sai a sami 4.5. Mai neman ƙarin gudu ɗayan biyun nan yake taɓawa, kuma taɓa ninki ya fi aminci nesa ba kusa ba, saboda bugun asali yana ɗaure da wasu sassa, irin su ram da hanyoyin da faifan ajiya da katin hoto suke bi, waɗanda ba su jure a gusa musu ma'auni ko da kaɗan.

Mai hankali zai tambaya: in furosesa yana iya fin abin da aka rubuta a jikinsa, me ya hana maƙeransa su rubuta gaskiyar iyawarsa? Jawabi shi ne, ana yanko ɗaruruwan furosesa daga faranti guda na siliki, kuma ko da yake zubinsu ɗaya, ba su fitowa daidai, wani ya fi wani tsabta da juriya. Sai a gwada su a kasa su gida gida, a rubuta wa kowanne gudun da aka yi yaƙinin zai riƙe shekara da shekaru, cikin zafi da sanyi, a hannun mai kula da marar kula. Wani lokaci ma kasuwa ce take sa a sayar da mai ƙarfi da sunan mai rauni, don masu neman na araha sun fi yawa. Misalin da ya shahara a tarihin wannan fanni shi ne Celeron 300A da Intel ya fitar a 1998, wanda aka rubuta masa megahaz 300, amma jama'a suka gano cewa in aka ɗaga bugun asalinsa daga 66 zuwa 100 yakan tsaya cak a kan 450, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai tsadar gaske. Wannan rata da ke tsakanin abin da aka lamunce da abin da zai yiwu ita ake farauta, sai dai a tuna maƙerin ya bar ta ne da gangan domin ranar tsanani.

A cikin shekarun 1990 wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah sun riƙa goge rubutun da ke jikin furosesa suna buga masa lamba mafi girma su sayar da tsada, kuma wannan algus yana daga cikin dalilan da suka sa Intel ya kulle lambar ninki. Daga baya ya ware wasu ƙirar da ya bari a buɗe, masu harafin K a ƙarshen suna, kamar Core i5-2500K na shekarar 2011, amma da sharaɗin a ɗora su kan allon da shi ma ya yarda da hakan. Kamfanin AMD kuwa ya bar akasarin jerin Ryzen a buɗe tun fitowarsu a 2017, sai dai allon mafi araha, irin A320, ba ya bayar da dama. Wajibi ne mai karatu a Jega ko Maiyama ya san wannan tun kafin ya ɓata lokacinsa, domin galibin kwamfutocin girke da ake saro mana daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko titin Beirut na Kano tokumbo ne da suka gama aikin ofis a Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP, kuma an rufe saitinsu ruf, ba a bar ko da gurbin da za a rubuta ninki ba. A tsofaffinsu masu Core 2 Quad Q6600 an san wata dabara ta liƙa ɗan salatif a kan ɗigo guda na ƙasan furosesa, wadda take yaudarar allo ya ɗaga bugu daga 266 zuwa 333, gudu ya tashi daga gigahaz 2.4 zuwa 3.0; to amma akwatin wuta da fankar waɗannan injuna an auna su ne daidai bukatar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ba a bar musu rarar komai ba.

Yanzu sai mu zo ga zuciyar al'amarin, wato alaƙar gudu da wuta da zafi. Kowane bugu yana bukatar biliyoyin ƙananan makunnai da ke cikin furosesa su buɗe ko su rufe kafin bugu na gaba ya iso, kuma idan aka matse musu lokaci har wasu suka makara, lissafi ya ɓaci ke nan. Maganin makarar shi ne a ƙara musu ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, sai su yi hanzari. Illar ita ce zafin da furosesa ke fitarwa yana bin gudu sau ɗaya, amma yana bin ƙarfin wuta sau biyu, wato bolt a ninka da kansa. A ƙaddara mutum ya ɗaga gudu daga 3.7 zuwa 4.5, ya kuma ɗaga wuta daga bolt 1.20 zuwa 1.35: ribar da ya samu a gudu ba ta wuce kashi 22 cikin ɗari ba, amma zafin ya ƙaru da kimanin kashi 54, ta yadda injin da yake fitar da wat 90 zai koma kusan wat 140. Daɗin daɗawa, siliki idan ya yi zafi wuta takan riƙa zurarewa a cikinsa ta hanyoyin da ba nata ba, zurarewar ta haifi wani zafin, shi kuma ya nemi ƙarin bolt kafin injin ya daidaita, haka abin zai yi ta zagayawa har a kai inda kowane megahaz 100 da aka ƙara yake cin abin da ya fi ƙimarsa.

A nan ne nake ganin mafi yawan samarinmu suke faɗawa cikin taƙlidi, wato su ɗauki lambobin da wani ya rubuta a intanet, ko ya nuna a bidiyon YouTube, su kwafe su harafi da harafi, bisa ƙiyasin cewa tun da sunan furosesan ɗaya ne hukuncinsu ma ɗaya ne. Ƙiyasin ɓatacce ne, domin an bar sharaɗi mafi girma a waje. Fanka da ƙarfen da ke tsotse zafi ba su da ikon sanyaya abu ya kai ƙasa da iskar da suka tarar a ɗaki. Iyakar aikinsu su riƙe furosesa a wata tazara sama da ita. Mutumin da ya yi gwajinsa a Jamus cikin ɗaki mai digiri 22, ya ga furosesansa ya tsaya a 80, tazararsa 58 ce. A kawo wannan inji da wannan saiti cikin shagon kwano a Jega a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a inuwa, a ce ɗakin ya kai 42, sai a tara 58 a kai a sami 100 cif, wanda shi ne haddin da akasarin furosesan Intel suke fara rage gudu da kansu don tsira, na Ryzen da yawa kuwa tun daga 95. Mai injin zai ga ya ɗaga lamba amma aiki ya ƙara nawa, ko ya ga injin yana mutuwa da azahar yana lafiya da asuba, ya rasa dalili. Saitin da aka jarraba a Disamba cikin sanyin hunturu ba hujja ba ne a kan bazara, kuma wannan ita ce magana mafi muhimmanci da zan faɗa a babin nan.

Hunturun ma da nasa sharrin, domin ƙurar da iskar arewa ke kwasowa takan shige tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya ta toshe su, ta yadda fanka za ta yi ta juyi iska ba ta ratsawa. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuwa, a injin tokumbo da ya shekara goma, ya daɗe da bushewa ya zama gari. Hure ƙura da sake shafa mai kaɗai sukan sauko da zafi fiye da yadda mutum zai zata. Waɗanda ake jin labarinsu sun haura gigahaz 9, kamar yadda aka yi da Core i9-13900K a ƙarshen 2022, da ruwan iskar gas mai tsananin sanyi suka yi, na 'yan daƙiƙoƙi, don gasa kawai, babu wanda ya buga takarda ko ɗaya da irin wannan inji.

Sai kuma wuta, wadda kowa a ƙasar nan ya san halinta. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, aikinsa ya karɓi bolt 230 na bango ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3, kuma ƙa'idar da aka gindaya masa ita ce kada layin 12 ya karkace fiye da kashi 5 cikin ɗari, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Daga wannan layi ne wasu 'yan sassa da ke kewaye da furosesa suke sake sauko da wutar zuwa bolt ɗaya da ɗoriya, su ma suna zafi, su ma suna da haddi, kuma a allon araha su ne ke fara gajiya. Idan wutar Nepa ta zo da rauni da magariba, ko ƙaramin janareta ya yi tangaɗi lokacin da aka kunna injin fotokwafi ko na liƙe takarda da leda, kwamfutar da ke kan saitin masana'anta takan shanye girgizar saboda ratar nan da aka bar mata, wadda aka ƙure mata gudu kuwa ta riga ta cinye ratar, nan take sai ta ɗauke. Saboda haka sitabilaiza mai kyau ko UPS suna gaba da kowane ƙarin gudu a tartibin bukata. A kuma duba bayan fawa fak na tokumbon da ya fito daga Amurka, domin tsofaffinsu suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, kuma wanda ya jona shi a kan 115 zai ji ƙara ya ga hayaƙi.

To, a ce abin da ake gudu ya auku: an sauya lambobi, an adana, injin ya mutu don ya sake tashi, sai allon kallo ya tsaya baƙi ƙirin. A wannan hali ne yaro kan rungumi akwati ya nufi shagon gyara yana cewa, "Injiniya, don Allah duba mini, ina jin furosesa ya ƙone." Mafi yawan lokuta bai ƙone ba, kuma babban abin da ake bukata a nan natsuwa ce da bin tartibi. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga garuruwa masu nisa, ba su ɗaura kara a ƙafa sai sun bi ƙashi da yatsa sun tabbatar da gurbin da ya rabu. Haka ya kamata mai gyara ya bi matakan tashin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda tafiyar ta yanke. Matakan kuwa ga su: ana danna makunni, babban allo ya umarci fawa fak ta koriyar waya ya kunna, shi kuma idan wutarsa ta daidaita ya mayar da alamar lafiya ta waya mai ruwan toka, sa'an nan a saki furosesa ya fara karanta umarnin farko daga ɗan guntun da ke riƙe da BIOS, wato manhajar da saitin nan yake cikinta, ya shirya ram, ya tayar da hoto, ya nemi faifan ajiya, daga ƙarshe ya miƙa ragama ga Windows. Kowace alama da injin ya nuna shaida ce a kan matakin da ya kai.

Idan an danna babu motsi sam, babu fanka babu fitila, to maganar ba ta kai ga furosesa ba tukuna, sai a tuhumi soket da waya da fawa fak da makunnin kansa. Masu gyara sukan zare babban fulogi mai baki 24 su haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe, in fankar akwatin wutar ta juya a san da sauran rai, ko da yake wannan ba ya tabbatar da cewa zai ɗauki kaya. Buɗe cikinsa kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa bayan an zare shi daga bango.

Idan kuwa fankoki suna juyi amma babu hoto, ko injin yana tashi ya mutu ya sake tashi ba iyaka, wannan ita ce alamar da ta fi dacewa da saitin da ya wuce haddi: furosesa ya farka, ya karanta lambobin da aka rubuta masa, ya gaza ɗaukarsu, kuma tun da bai kai ga tayar da hoto ba, babu ƙofar da za a shiga a gyara. Lambobin suna nan a wata 'yar ma'ajiya da ƙaramin batiri mai suna CR2032, mai bolt 3, yake raya ta ko an ɗauke wuta. Sai a zare waya daga bango, a danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta tsiyaye, a cire batirin a jira mintoci kaɗan a mayar, ko a haɗa ƙusoshi biyun da aka tanada don wannan aiki, waɗanda ASUS ke rubuta wa CLRTC, MSI kuma JBAT1. Allunan zamani da yawa ma, in suka gaza tashi sau biyu ko uku, da kansu suke komawa saitin asali su rubuta sanarwa, don haka mustahabbi ne a ɗan yi haƙuri kafin a kai hannu. A kuma saurari abin da injin yake faɗa: sababbin alluna suna da fitilu huɗu, na furosesa da na ram da na hoto da na faifai, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna mai laifi, tsofaffin HP na ofis kuwa fitilarsu takan ƙifta ja tare da ƙara, sau biyu zafi ne, sau huɗu wuta, sau biyar ram. Ma'anar waɗannan ƙirge-ƙirge ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada a ɗauki tafsirin wani a ɗora wa wani.

Akwai wani tarko bayan cire batiri wanda ya sa an goge bayanan bayin Allah da yawa ba gaira ba dalili, kuma ina roƙon masu gyara su kiyaye shi. Goge saiti ba ya zaɓe, yana mayar da komai ne asali, har da kwanan wata da tsarin da allo ke magana da faifai. Injunan Dell da yawa asalinsu a kan RAID suke, alhali mai yiwuwa wanda ya sa Windows a kan AHCI ya sa shi. Haka kuma akwai bambanci tsakanin tashi ta tsohuwar hanya da tashi ta UEFI. Sai hoto ya dawo, a yi hamdala, amma Windows ya ƙi shiga, ya nuna shuɗin allo ko ya ce bai ga faifai ba. Mai gaggawa zai yanke hukuncin cewa Windows ya lalace ya yi fomatin, aikin kammala digirin ɗalibi ko hotunan bikin mutane su tafi, alhali layi guda ne a cikin BIOS da za a mayar yadda yake. Kwanan wata da ya koma baya shi ma yakan sa shafukan intanet su ƙi buɗewa, abin da kan tayar da hankalin mai shago ranar da ake rububin rajistar jarrabawa.

Ram yana da nasa babi, amma dole a ambace shi a nan, domin sau da yawa shi ne mai laifi furosesa yake shan zargi. Wanda aka rubuta wa 3200 a kwali, daga nau'in DDR4, yawanci a kan 2133 yake tashi da bolt 1.2, sai an kunna wani saiti mai suna XMP kafin ya hau 3200 da bolt 1.35, kuma wannan ma ƙarin gudu ne ko da an sayar da shi da sunan halal. Idan aka haɗa sanda biyu daga kamfanoni daban, kamar yadda tsadar kaya take tilasta mana, sai ɗaya ta ɗauka ɗaya ta gaza. Hanyar tahƙiƙi ita ce a bar sanda ɗaya tak, a goge bakinta na zinariya da abin goge fensir, a gwada ta a kowane rami, sa'an nan a kawo ta biyun. Ƙa'idar da ta game dukkan wannan bincike ita ce sauyi ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya ram da fawa fak da saiti a tashi guda, ko da injin ya tashi, bai san abin da ya warkar da shi ba, gobe in ciwon ya dawo yana nan inda yake.

Nau'i na ƙarshe, kuma mafi wuyar sha'ani, shi ne injin da ke tashi lafiya ya shiga Windows, sai an ɗora masa aiki mai nauyi ya daskare ko ya nuna shuɗin allo. Lambar 0x124 da ta 0x101 da shuɗin allon kan nuna galibi suna nuni ne ga furosesan da wutarsa ta gaza gudunsa, domin a daidai lokacin da aiki ya yi nauyi wutar takan ɗan faɗi ƙasa da abin da aka rubuta. A nan mutum yana da zaɓi biyu, ko ya ƙara bolt ya sayi zafi, ko ya sauko da ninki, kuma a ƙasarmu na biyun ne daidai kusan kullum. Tashi da buɗe Windows ba bayyina ba ce ta lafiya. Bayyina ita ce a saki manhajar Prime95, wadda George Woltman ya rubuta don neman manyan lambobin lissafi kuma take kama kuskure komai ƙanƙantarsa, ta yi awoyi tana aiki ana duban zafi da HWiNFO, a kuma bi ram da MemTest86. Abin tsoron shi ne kuskuren da ba ya kashe inji, wanda yake shiga cikin fayil a ɓoye, a wayi gari bidiyon da aka kwana ana haɗawa ya ƙi buɗewa, ko lissafin ɗalibi ya fito da amsar da ba ita ba bai sani ba.

Wuta mai yawa tare da zafi tana kuma cin furosesa a hankali, tana gusar da ƙwayoyin ƙarfe daga siraran hanyoyin da ke cikinsa, har ya zama gudun da yake riƙewa bara ya gagare shi bana, kuma wannan lahani ba ya warkewa. Kada a zaci 'yan koyo kaɗai abin ke samu, domin a 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wasu furosesansa na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara wa'adin garantinsu da shekara biyu. Daga nan wani hakki yake tasowa a kan mai sayarwa. Injin da aka daɗe ana ƙure masa gudu yana ɗauke da aibin da ido ba ya gani, kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Wanda zai sayar da irin wannan inji ga mai shagon buga takardu a Maiyama, mutumin da abincin iyalinsa ya rataya a kansa, wajibi ne ya mayar da saitin asali ya kuma faɗi abin da aka yi da shi.

Ra'ayina game da injin sana'a shi ne a bar shi yadda aka ƙera shi, a sa kuɗin a faifan SSD da ƙarin ram, domin nawar da ake kuka da ita a shagunanmu akasari daga tsohon faifai mai juyi take, kuma musanya shi yakan kawo saurin da ƙarin ninki ba zai taɓa kawowa ba. Wasu ma rage wa furosesa wuta suke yi kaɗan ba tare da taɓa gudu ba, ya yi sanyi ya daina ja da baya, batirin sola ya ƙara jimawa. Amma ɗalibin da ke da injin kansa mai buɗaɗɗen ninki, wanda yake son ya fahimci abin da ake karantar da shi a aji ta hanyar taɓawa da hannu, ina ƙarfafa masa gwiwa, da sharaɗin ya kwashe muhimman fayilolinsa zuwa wani wuri tukuna, ya ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da wayarsa kafin ya taɓa komai, ya riƙa hawa mataki ɗaya ɗaya yana rubuta ninki da bolt da zafin furosesa da zafin ɗaki a littafi. Idan ya kai matakin da kuskure ya fara bayyana ya sauko biyu, kada ya bar zafi ya wuce digiri 85 a gwaji mafi tsanani, kuma ya yi gwajin da tsakar rana ƙofa a rufe. In a hunturu ya yi, to ya sake shi daga farko idan watan Maris ya kama.